Injin Huda na Alhaji Bukar

Duk wanda ya zauna a layinmu na Bolori ya san cewa idan Alhaji Bukar ya tuɓe babbar riga da hantsi, ya naɗe ta, ya ɗora hularsa a kanta, ya tsaya tsakar gida daga shi sai singileti da wando, to za a huda wani abu. Zai kori kaji, ya sa a ɗaure akuya, ya ɗaura wani tabarau mai kauri a bisa nasa na karatu, sannan ya sanar da mutanen gida da murya irin ta ladan. Ni maƙwabcinsa ne tun muna da ƙarfinmu, kuma ni iyalinsa suka ɗora wa nauyin raba shi da wannan inji sa'ad da hannunsa ya soma rawa. Abin da nake so in rubuta ke nan, amma dole in fara daga farko, domin a makarantar mishan da na yi ba a koya mana soma labari daga tsakiya ba.

Alhaji ba kafinta ba ne. Huluna ya sayar duk rayuwarsa. Bayan ya bar kasuwa ne ɗansa Modu ya kawo masa injin huda mai batir, irin wanda ba a jona shi a bango, don kawai a kafa marataya a ɗaki. Ranar da ya fara gwada shi yana sanye da rigarsa ta Sallah. Ya danna kunamar injin, tsinken hudar ya kamo hannun rigar ya nannaɗe, kafin ya tuna yadda ake sakin yatsa aikin wuyan ya yage har ciki. Da wani ne, da ya jefar da injin. Shi kuwa girmama shi ya soma yi. Yakan ce inji mai waya kana iya zare shi daga bango ya mutu, amma wannan ba shi da wutsiya, ko a kwance yake idonsa biyu. Saboda haka ba ya canza tsinke sai ya cire batir, kuma ba ya barin su kwana ɗaki ɗaya. Injin yana cikin akwati, batirin yana aljihunsa, har wurin ɗaurin aure.

Daga nan gidan ya shiga uku. Ya huda ludaya don a rataye su, ya huda marfin kwandon shara, ya huda allon ƙofar kaji wai su sha iska. Matarsa, Ya Falmata, ta kwashe muciya da akwatin turarenta ta kai ajiya gidana. Da ya tambaye ta ina turmi, ta ce ya tafi ganin dangi a Dusuman, ba ta san ranar dawowarsa ba.

Ni ma ban tsira ba. Na roƙe shi ya kafa mini agogon bango. Na auna da rula, na fitar da tsakiyar bangon daidai, na yi alama da fensir. Ya duba alamar, ya duba soket ɗin da ke ƙasanta kai tsaye, ya ce ba zai huda nan ba, waya na bi ta ciki. Na tunatar da shi cewa mun daɗe ba mu ga wuta a unguwar ba, har yara sun manta kamanninta.

"Hedimasta," ya ce, don haka yake kirana, "wutar garin nan ba ta sallama. Ranar da ka manta da ita take shigowa."

Ya matsa taƙi guda zuwa hagu ya huda. Agogon yana nan a karkace da tsakiyar ɗaki, kuma har yau ina riƙe da ra'ayina cewa bai yi kyau ba.

Wata ƙa'idarsa ita ce ba a riƙe katako a cinya ko a hannu ana hudawa. Da yake ya ƙi sayen abin matse katako, ni ya mayar abin matsewa. Yakan aiko a kira ni, in zauna a ƙarshen katakon da tabarau a fuskata, yana cewa a ƙarshe dai an samo wa ilimina amfani, tun da yana da nauyi. Na yi shekaru ina horon ɗalibai ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan magana. Ban taɓa ƙin zuwa ba.

Sai rawar hannu ta zo. Da farko shayi ne ke zuba, daga baya maɓallin riga ya gagare shi. Modu da mahaifiyarsa suka same ni, suka ce tsoro suke ji kada tsinken ya zame ya shiga jikinsa, kuma ba wanda zai iya faɗa masa sai ni, da na saba faɗa wa mutane abin da ba sa so. Na amsa. Na tsara jawabina, na je, muka yi gaisuwa, muka yi zancen zafin rana, na dawo da jawabin yadda na tafi da shi. Na san idan aka karɓe injin, babu sauran abin da zai tashe shi daga tabarma da safe.

Wata safiya ya aiko. Benci yake haɗawa, wanda ya ce za mu riƙa zama a kai a ƙofar gida bayan la'asar. Na zauna a kan katakon. Ya riƙe injin da hannu biyu, ya ɗora tsinken a bisa alama, tsinken ya riƙa kewaya alamar ya ƙi tsayawa. Ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Ya daɗe yana kallon hannuwansa kamar na wani baƙo. Sai ya cire batirin, ya miƙo mini su biyun dabam-dabam.

"Tashi, Hedimasta. Tuɓe rigarka. Yau ni ne mai nauyi."

Tun da na girma ba a taɓa ganina da singileti a wajen ɗakina ba. Ranar an gani. Ya zauna a kan katakon yana ba da umarni: in tsaya da ƙafa biyu, in fara a hankali, kada in danne, in bar tsinken ya ci da kansa. Ramin farko ya fita a karkace. Ya leƙa, ya ce da ɗalibina ne ya yi wannan da na tsayar da shi a rana. Ya Falmata tana bakin madafa tana dariya, tana share ido da gefen mayafi. Bai sake taɓa kunamar ba, kuma ba wanda ya ce masa ya bari.

Bazarar da ta biyo baya ya rasu. Bencin yana ƙofar gidansu, yana ɗingishi da ƙafa ɗaya saboda ramin nan nawa. Modu ya ce zai kira kafinta ya gyara, na ce ya bar shi. Idan mutum biyu suka zauna ba ya motsi. Yanzu da nake zama ni kaɗai, sai ya riƙa rinjaya wajen da babu kowa.

Allah ya jiƙan Alhaji Bukar, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya ba Ya Falmata da mu da muka saura haƙurin rashinsa.