Ranar da Na Tone Itatuwan da Na Dasa

Asuba, wani ƙauye kusa da Madarumfa

Ƙarfe biyar da rabi na idar da salla, na ɗaure kayana a buhu. Ranar ce ta ƙarshe a makonni uku da na yi a Nijar ina aikin sa kai na dashen itatuwa. Wata ƙungiya ce ta kwaso mu. Babu albashi, sai tuwo da alkawarin takardar shaida. Ni da karatuna ya tsaya a aji shida, na sa rai takardar za ta sa a ɗauke ni gadin gandun daji a gida.

Shugabanmu wani matashi ne mai digiri, Nura, wanda ba ya amsawa sai an ce masa Kodineta. Tun ranar farko na gaya masa filin da ya zaɓa burtali ne, hanyar shanu: dogo, siriri, gonaki hagu da dama, ƙasa duk ta daddage da kofato. Ya duba wayarsa ya ce taswira ta nuna fili ne da babu mai shi. Haka muka dasa, muka kewaye da ƙaya, muka toshe hanya ruf.

Ƙarfe bakwai, ƙofar maigari

Ardo Bello, babban Fulanin yankin, ya zo. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, “Jibi shanunmu za su sauko daga arewa. Ina za su bi?”

Nura ya ce, “Baba, ku kewaya mana.”

Ardo ya ce, “Ta cikin dawar wa?”

Ba a kuwa yanke dawa ba tukuna. Ni mutumin Karare ne, a ƙasar Batsari. Na san abin da saniya ɗaya a gonar mutum ke jawowa, na kuma bi gawa zuwa maƙabarta a kansa.

Ƙarfe tara, wurin dashe

Manyan baƙi suka iso bikin rufe dashe cikin mota mai sanyi. Aka sha lemo, aka tafa, wata hajiya ta riƙe butar ban ruwa da yatsu biyu aka ɗauke ta hoto. Na ja Nura gefe.

“Kodineta, a cire shingen nan kafin mu tafi.”

“Malam Sale, rahoto ya riga ya tafi. Motar da za ta mayar da mu gida za ta tashi sha ɗaya, kuma a cikinta zan raba takardu. Wanda bai shiga ba, shi ya so.”

Sha ɗaya ta yi, mota ta tashi, ina tsaye da fartanyar aro. Ni da maigari da mutanen Ardo muka janye ƙaya, muka tone dashen da ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya, muka mayar bayan makaranta. Wasu za su mutu, na sani. Ƙarfe ɗaya burtali ya buɗe. Ardo ya aiko aka dama mini fura da nono.

Ɗan Isa zuwa Jibiya

Babur na hau, rabin awa zuwa Ɗan Isa. A bakin iyaka aka zazzage buhuna, ba a samu komai ba sai riguna biyu da buta. Mai binciken ya ce, “Aiki ka je ko gudun hijira?” Na ce masa ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Ƙarfe uku na shiga Jibiya, na ci ƙosai a tsaye.

Jibiya zuwa Batsari

Mu tara a ƙaramar mota, har da akuya. Direba ya ce, “Alhaji, matsa ka shiga, rana na sunkuyawa ba na bin hanyar nan.” A shingen jami’an tsaro huɗu muka tsaya. Biyar da kwata muka sauka Batsari, na sake hawa babur zuwa Karare, na iso ana alwalar magariba.

Gida

Hajara, uwar ’ya’yana, ta karɓi buhu ta lalube shi har ƙasa.

“Malam, ina takardar?”

“Babu.”

“Mako uku?”

“Mako uku.”

Ta dube ni, ta je ta zubo tuwo. Gadin gandun daji kuwa an ba wani.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa maigari da Ardo Bello, wanda ya aiko mini cewa shanu sun wuce, ba su taɓa kan dawa ko ɗaya ba. Kodineta kuma na ji an ƙara masa girma, an turo shi wajen Safana da sabon dashe. Mutanen Zakka da Babban Duhu, ku riga shi zuwa burtalinku.