Hannun Kawu da Murfin Lagireto

Daga Allah muke, kuma gare Shi kawuna ya koma ranar Laraba, tara ga watan Satumba, da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu. Ƙanin mahaifiyata ne, bakaniken da ya shekara arba'in a sana'ar, wanda a gareji ba a san shi da wani suna ba sai Mai Yatsa Uku. Ni na jawo masa wannan laƙabi, kuma shekara goma sha bakwai ina ji ana kiransa da shi, na ja bakina na yi shiru. Yau zan faɗi gaskiya, Kawu, ko da yake ka hana ni.

Da mahaifina ya rasu, ya bar mana tsohuwar motarsa ta alfarma, mai kujera biyu, mai kwanciya kamar za ta lashi kwalta. Mama ta ce a sayar, ba motar 'ya mace ba ce. Ni kuwa na ce sai dai a haɗa da ni a sayar, domin har lokacin ƙamshin turaren Baba bai bar kujerunta ba. Kai ka shiga tsakani. Mama ta yarda bisa sharaɗi ɗaya: ranar da motar ta jawo mini wani abu, ranar motar za ta bar gidan.

Kowace Asabar da safe, kafin a tayar da inji, sai ga ka da galan biyu da mazurari. Ka nuna mini tankin roba mai layi biyu, ka ce ruwan ya tsaya a tsakaninsu. Rabi ruwan sanyaya inji, rabi ruwan batir. Na famfo kuwa ko ɗigo ba ka yarda, wai yana cin ƙarfe. Ranar da na sayo jan ruwa maimakon kore, harara kawai ka yi mini. "Wannan tsohuwa kore ta sani," ka ce, "kada ki canza mata abinci da tsufa." Ka matsa tiyo ka ji ko ya yi laushi, ka leƙa ƙasa ko akwai yoyo, ka zuba a hankali kamar mai ba jinjiri magani. Ni ina gefe ina duba agogo, don Allah bai yi ni da haƙuri ba. Abu ɗaya ka maimaita har na gaji da ji: ba a buɗe murfin lagireto sai bayan hannu ya iya zama a kan inji.

Wata rana da azahar na shigo garejinka, allurar zafi ta kai ja, tururi na fita ta bonet. Sauri nake yi, ana jirana a wurin aiki. Kana ƙarƙashin wata mota, ka ɗaga murya: "Kar ki taɓa, ga ni nan!" Na ɗauki tsumma na murɗa murfin. Ban san lokacin da ka fito ba. Na dai ji ka ture ni gefe, tafasasshen ruwan da ya nufo fuskata ya sauka a hannunka na dama. Yatsu biyu suka ƙage, ba su sake miƙewa ba.

A asibiti, kafin Mama ta iso, ka dube ni ka ce, "Ni na buɗe. Kin ji ko? In Yaya ta ji ke ce, gobe motar babanki ta bar gidan." Mama ta zo ta yi maka faɗa a gaban ma'aikatan jinya, wai babba da kai kana ganganci. Ka sunkuyar da kai.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Masu manyan motoci suka janye ɗaya bayan ɗaya, don wa zai ba da motarsa ga bakaniken da ya buɗe lagireto da zafi? Gwanin da ake zuwa nema daga nesa ya koma juyen baƙin mai. Abokan aiki suna tsokanarka, kana taya su dariya. Sau uku na ce zan faɗa, sau uku ka ce in bari. Ba zan ɓoye ba, hanin ya yi mini daɗi, domin tsoro nake ji. Duk da haka, Asabar ba ta taɓa wuce ka ba wajen zuwa duba motar, sai wadda ta same ka a gadon asibiti a jinyarka ta ƙarshe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda bayan ƙunar ta yi wata uku tana ba ka abinci a baki ba ta san ainihin dalili ba, da 'ya'yanka biyar, da mutanen gareji. Ku yafe mini. Mama, ƙaninki bai yi ganganci ba, ni ce na buɗe.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe kurakuranka. Ya kare ka daga wuta kamar yadda ka kare fuskata, Ya tashe ka a Aljanna da hannunka lafiyayye. Amin.