Hanyar da Ɗantani Masaƙi Ya Karkatar

Ɗantani masaƙi ne, haka ma ubansa. Gidansu ba a cikin ganuwar Wurno yake ba, yana wata 'yar unguwa a bayan gari, wajen da ake fita zuwa Goronyo. Gidajen masaƙa ne 'yan kaɗan, da masallacin zana, sai rugar wani Bafulatani mai suna Bube a kan tudu, kusa da rijiyar da kowa ke sha. Masaƙa na ba Fulani zane, Fulani na ba su nono da taki. Shekarar da Atika matar Ɗantani ta kwanta ciwo bayan haihuwa, Asta matar Bube ce ta shayar da jaririyar har uwar ta miƙe.

Ana nan, zamanin Turawa, aka ce za a fitar da hanyar mota. Wani Bature mai awon ƙasa ya zo da malamin hanya na En'e, Malam Yusha'u, suka kakkafa turaku. Da Ɗantani ya bi layin turakun da ido, sai ya ga sun ratsa ta masaƙarsa, sun shiga zauren ubansa, sun fita ta bayan rumbu. Mai unguwa ya tsufa, ba ya ko fita, don haka Ɗantani aka kira ya yi musu bayanin ƙasa.

"Wurin ga yana riƙe ruwa da damina?" Malam Yusha'u ya tambaye shi.

Ɗantani ya san ruwa bai taɓa kwana a ƙofar gidansu ba. Ya dubi zauren, ya dubi tudu.

"Malam, nan fadama ce ɓoyayya," ya ce. "In anka yi ruwa, ko jaki ba ya wucewa. Ku hau tudu, can ƙasa ta fi ƙarfi."

Malam Yusha'u ya juya wa Bature maganar, Bature ya gyaɗa kai. Kafin la'asar an tumɓuke turakun an mai da su tudu. Atika na bayan darni tana sussuka, ta ji duk abin da aka faɗa. Da ya shigo ta ajiye masa ruwa, bai dube ta ba.

Da rani aka tara mutanen ƙauyuka aikin tilas. Aka rushe bukkokin Bube, aka cike rijiya da ƙasa, hanya ta datse burtalin da shanu ke bi zuwa fadama. Bube ya yi shekara guda yana fama, kullum rigima da masu gona saboda shanu sun rasa hanyar wucewa. Daga baya ya ɗaure kayansa a kan takarkari ya nufi Taloka. Ranar tafiyar Ɗantani ya ce yana da zare a marina, ya shige gari, bai dawo ba sai da ƙurar shanu ta kwanta.

Unguwa kuwa ta bunƙasa. Manyan motoci suka riƙa tsayawa ɗaukar gyaɗa da auduga. Mahauta suka fito daga cikin gari suka kafa tukuba, wani baƙo ya buɗe kanti, masallacin zana ya koma na laka. Fatake na sauka a zauren Ɗantani, zanensa na tafiya har Sakkwato ba tare da ya taka ko'ina ba. Da mai unguwa ya rasu, shi aka naɗa. Mutane suka riƙa cewa shi ya san ƙasa, shi ya gyara wa Turawa aikinsu. Duk lokacin da aka faɗi haka a gabansa, sai ya tashi ya ce zai yi alwala.

Bayan shekaru, labari ya zo cewa Asta ta rasu. Atika ta ɗaura masa goro a ƙyalle.

"Ka tai gaisuwa," ta ce. "Kuma ka hwaɗa mai. Ka tsufa, shi ma ya tsufa."

Ya iske Bube zaune a kan buzu, ya rame, shanunsa sun ragu. Ƙasar ba ta karɓe su ba, in ji shi, kuma Asta har ta mutu tana zancen ruwan Wurno. Suka yi addu'a. Ɗantani ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Bube, batun hanyar nan..."

"Bari, ɗan'uwa," Bube ya katse shi. "Na jiya. An ce kai kaɗai kat tsaya gaban Nasara kana magana, sauran duk sunka ɓoye. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, ba su saurara ba. Mi za ka iya? Asta ma kullum tana sa maka albarka."

Ɗantani ya miƙa masa goron. Bube ya sa aka kama ɗan maraƙi, ya ce a kai wa Husainatu, 'yar da Asta ta shayar, tun da an kusa bikinta. Ɗantani ya ƙi, ya sake ƙi, Bube ya rantse. Haka ya janyo maraƙin a ƙasa tun daga Taloka, motoci na wuce shi, direbobi na gaishe shi da Mai unguwa.

Da ya iso gida, Atika ta dubi maraƙin, ta dube shi.

"Ka hwaɗa mai?"

"Ban iya ba."

Ta karɓi igiyar ta ɗaure maraƙin a turke. Bube ya rasu da kakar da ta biyo baya. Ɗantani ya ƙara shekaru yana mulkin unguwa, kuma an san shi da abu ɗaya: duk ƙarar da ta haɗa manomi da makiyayi, sai ya ce ba zai iya ba, a kai wa alƙali.