Ranar da Na Lulluɓe Farantan Motar Askirim

Mijina ya rasu a daminar bara. Ba zan yi maganar ciwon ba, don ban iya ta ba tukuna. Abin da zan rubuta ya faru ne a watansa na farko a kan motar sanyi, lokacin da na kusa raba shi da aikinsa da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya.

Kafin motar ya yi kusan shekara biyu ba shi da aiki tsayayye. Yau ya tuƙa wa wani tifa, gobe ya wuni a gida yana gyara rediyon da ba abin da ya same shi. Ni ce nake sayar da ƙanƙara a ƙofar gidanmu a Nassarawo. Ina saro ta da safe, in naɗe ta a buhu, in zuba dusar katako, in rufe da tsohon bargo. Ta sauran mata tana zama ruwa da azahar, tawa tana kaiwa la'asar. Duk layinmu an san haka, ni ma na sani, kuma ban ɓoye cewa na sani ba.

Sai wani mutumin wajen Michika, mai sito na askirim a cikin gari, ya ɗauke shi gwaji na wata ɗaya. Oga muke ce masa. Direban da ya riga shi an sallame shi ne saboda ya dawo da kaya a narke. Ranar da Oga ya miƙa wa mijina makulli, magana ɗaya ya yi masa: “Kaya ya narke sau ɗaya, ka ajiye mini makullina.”

Mijina ya ɗauki motar nan kamar jaririya. Ya zaunar da ni a tabarma ya yi mini bayani, ko da yake ban tambaya ba.

“Maman yara, wannan ba firij ba ce. A hanya ba injin da yake aiki a cikinta.”

“To me yake sanyaya ta?”

“Faranti.”

Na ɗauka wasa yake. Ashe wasu faffaɗan ƙarafa ne guda huɗu, kowanne kamar ƙyauren ɗaki, a rataye a bangon akwatin motar, biyu dama biyu hagu. A cikinsu akwai wani ruwa mai magani. Da yamma ana jona motar da wuta a sito, injin da ke ƙarƙashinta ya yi ta aiki har asuba, ruwan ya daskare. Da safe a zare waya. Sanyin da farantan suka sha, shi ke nan na ranar.

“Kin ga maƙwabcinmu in yana azumi? Abin da ya ci da sahur shi zai kai shi magariba. To haka take.”

Yana da dokoki. Ba a buɗe ƙofa sai da dalili, in an buɗe kuma yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya fizgo kwali ta cikin labulen roba ya rufe. Ba a sa abu mai ɗumi. Ba a jingina kwali da faranti, sai an bar rata ta tafin hannu biyu ko fiye. Duk Asabar yana kankare farin ƙanƙarar da ya taru a jikin farantan da wani katako da ya sassaƙa kamar muciya, don wuƙa tana iya huda su. Ya goge robar bakin ƙofa, ya sa takarda ya rufe ya ja, ya ga ko ta kama. Ya tsokale ramin da ruwa ke fita da tsinken tsintsiya. Ina kallonsa ina cewa a raina, mutumin da bai taɓa wanke kofin shayinsa ba.

A sati na uku ne, cikin zafin nan na kafin ruwa ya sauka, wanda ko kaji ba sa son tafiya. Ya ɗauko kaya daga sito ya biyo gida ya karya, kamar kullum. Na ga fuskarsa ba daidai ba.

“An ɗauke wuta jiya, maigadi kuma bai ta da janareta da wuri ba. Farantan ba su ƙoshi ba.”

“Za su kai?”

“In Allah ya so. Amma hanyar yau doguwa ce. Cikin gari, Duvu, sannan in juyo Vimtim.”

Ya rataye makulli a ƙusa, ya shiga wanka.

Ina so a fahimce ni a nan. Ni mai ƙanƙara ce. In aka ce mini ƙanƙara ba ta da yawa kuma ana so ta kai yamma, na san abin yi. Na daɗe ina ganin farantan nan tsirara, ko tsumma babu a kansu, ina mamakin waɗanda suka ƙera motar. Na yi shiru ne kawai don kada a ce na shiga aikin maza.

Na ɗauki makullin. Na kwaso bargon aurenmu, da bargon yara, da buhuna shida, da zanena biyu na zumuntar mata, da igiyar shanya. A lokacin ban yi jiki ba, na bi ta ratar nan da yake bari tsakanin kwalaye da bango. Na lulluɓe farantan ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure tamau, na cusa buhu ta sama da ƙasa yadda ko iska ba za ta taɓa su ba. Yatsuna sun ƙage, amma na yi aiki mai kyau. Ƙofar tana buɗe duk tsawon lokacin, don in ga abin da nake yi. Na mayar da makulli ƙusa kafin ya gama shafa mai.

Dama ranar zan bi shi Vimtim in yi wa 'yar goggona barkar haihuwa. Na shiga gaba na zauna, na ɗora kwanon tuwo a cinya. Ban faɗa masa ba. Na fi so ya gani da kansa da yamma, ya tambaya wa ya yi wannan dabara.

Muka zaga masu kekunan askirim a cikin gari. Ɗaya, biyu, uku, ya fizgo, ya rufe. Bai taɓa leƙa bayan labule ba. A jikin akwatin ta waje akwai wani ƙaramin agogo mai allura da ke nuna sanyin ciki. Duk inda muka tsaya sai ya duba shi. A hanyar Duvu ya fara ƙwanƙwasa shi da yatsa.

“Allurar nan tana hawa.”

“Za ta sauka,” na ce.

“Ina kika sani?”

“Na dai sani.”

Ya kalle ni, ya ci gaba da tuƙi. Daga Duvu har muka tsallake kogi muka koma cikin gari, ba wanda bai zaga ba. Ya zagi maigadi. Ya zagi masu wuta. Ya zagi wanda ya sayar wa Oga robar ƙofa. Mutum ne da ba ya zagi, saboda haka bai iya ba, abin da ya fi ƙarfi a bakinsa shi ne “marar tunani”. Ya ce duk wanda ya jawo wannan marar tunani ne. Na ce gaskiya ne. A raina ina cewa, da ban lulluɓe su ba, da yanzu abin ya fi haka muni.

Mun isa Vimtim rana ta karkata. Akwai wata dattijuwa mai shago da firiza a bakin hanya, ita take karɓar kaya mafi yawa. Ya miƙo mata kwali, ta ɗaga kofi ɗaya ta girgiza shi kusa da kunnenta. Ni ma daga inda nake na ji yana motsi.

“Baba direba, askirim na ce ka kawo mini ko kunun gyaɗa?”

A karo na farko a kan hanya tun da ya karɓi motar, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, ya yaye labulen, ya hau. Na zauna ina jira. Sai ga shi ya leƙo, riƙe da gefen zanen zumunta.

“Maman yara.”

“Na'am.”

“Zo ki gaya mini ko idona ne.”

Na sauko da kwanon tuwona. Mutanen da ke zaune a gindin bishiya suka taso. Ya kwance igiya, bargon aurenmu ya faɗo. Farantin da ke ƙarƙashi fari fat, yana hayaƙin sanyi, da ƙarfi kamar dutse. Na taɓa shi, yatsana ya manne.

“Ka gani?” na ce. “Ko ɗigo bai narke ba.”

Har yau ina ganin fuskarsa. Ya zauna a kan kwali, abin da ya hana kowa yi.

“E, farantan suna lafiya,” ya ce. “Sun wuni a ɗaki da bargo. Askirim ne ya wuni a rana.”

“Ba ka ce sanyin ba zai kai ba?”

“Sanyin na kaya ne! Ba nasu ba ne! Dole su narke, narkewarsu ita ce aikin. Me kike gani nake kankarewa duk Asabar? Ɗan farin nan ma yana tare sanyi, ke kin kawo bargon aure!”

Dattijuwar ta riƙe ƙofar shagonta tana dariya har tana tari. “'Yata, ke kam kin iya reno. Mijinki ma kina lulluɓe shi haka?”

Wani tsoho ya ce a bar ni, ai ko shi da haka zai yi. Wani ya ce a sayar musu a kofi su sha da cokali ko ba cokali. Ni ban yi dariya ba, don a lokacin ne maganar Oga ta dawo mini.

Muka cire komai, ya rufe ƙofa. Ba a jima ba allurar ta fara sauka, da sauri ma, don farantan ba su taɓa aiki ba tun safe. Na ce to ai kayan za su sake daskarewa, ba wanda zai sani. Ya girgiza kai. Ya ce askirim da ya narke ya sake kamawa ba ya komawa yadda yake, kuma yara ne masu sha. Kwalayen tsakiya sun tsira, ya ba dattijuwar daga ciki. Na sama da na bakin ƙofa, kusan rabin abin da ya rage, ya ware su gefe.

Ban je barkar ba. A hanyar dawowa na ce, “Ka ce masa wuta ce. Ai an ɗauke wutar.”

“An ɗauke. Amma ba ita ba ce.”

“To ka ce ni ce.”

“In ce matata ta saci makulli ina wanka? Wa ya rataye shi a ƙusa?”

Muka isa sito kafin magariba. Oga yana zaune a benci a ƙofa, yana fifita da kwali. Mijina ya sauka, ya zare makullin daga zobensa, ya nufe shi. Na ga yadda yake tafiya, irin tafiyar da yake yi a shekaru biyun nan in ya dawo daga neman aiki. Ban san lokacin da na kwashi barguna da buhuna na riga shi isa ba. Na durƙusa na zube su a gaban Oga.

“Oga, ina wuni. Ni ce na narkar maka da kaya.”

Ya dubi barguna, ya dubi mijina. “Wace ce wannan?”

“Iyalina ce, Oga.”

Na faɗi komai, daga ƙusa har igiyar shanya. Na ce ni mai ƙanƙara ce, kuma a Nassarawo tawa ce take kaiwa la'asar. Ban san me ya sa na ƙara wannan ba. Oga ya tashi ya buɗe motar, ya shiga, ya dafa farantan ɗaya bayan ɗaya. Ya duba kwalayen da aka ware. Ya fito yana goge hannu a riga.

“Direba, ka iso nan kayan sun fara kamawa. Da ka mayar mini da su firiza ka yi shiru, zan sani?”

“Ba za ka sani ba, Oga.”

“Wancan da na kora haka ya yi mini sau biyu. Sai da masu keke suka dawo mini da kaya.”

Mijina ya miƙa masa makullin. Oga bai karɓa ba. Ya juyo wurina.

“Madam, tashi. Mota ta wuni a wannan rana, bayan an ɗauke wuta, ta dawo mini da faranti kamar yanzu aka zare waya. Ban taɓa gani ba. Kin iya aikinki.” Sai dariyar da yake riƙewa ta ƙwace masa. “Amma don Allah ki bar mini nawa.”

Ya kira maigadi ya ce a jona motar. Ya ce wa mijina gobe da asuba, kuma daga yau makulli a aljihu, ko wanka zai shiga ya shiga da shi.

Muka hau mashin ɗin acaba ɗaya zuwa gida, shi a tsakiya, ni a baya da barguna a ka. Da muka sauka ya karɓi kayan daga kaina, ya tsaya yana neman abin da zai faɗa.

“Tuwon nan na barka,” ya ce, “yana ina?”

Na bar shi a motar, a kan kujera. Ya ce shi kam ba zai koma ya sake haɗa ido da Oga yau ba. Muka jiƙa garin kwaki muka sha da yara.

Ya tuƙa motar shekara tara.