Tsinken Kitso Ya Kore Mini Mutane

Lokacin da wannan abu ya same ni, shekarata huɗu da zuwa Greensboro ta Amurka daga Maraɗi, ina kitso a wani shago kusa da titin Wendover. Da hannun nan nake ci, kuma a wuyansa ƙaiƙayin ya fara, ɗan wuri kamar kwabo. In ina kitso ya motsa, sai in juya tsinken in sosa. Daɗin da nake ji, Allah kaɗai ya sani. Kafin shekara fatar ta yi baƙi, ta yi kauri kamar ƙirgi. In na sosa ya ƙaru, in na bari kamar zan haukace. Na koma sa riga mai dogon hannu ko ana zafi.

Wata Ba'indiya da nake yi wa 'yarta kitso ta kai ni wurin wani dattijo mai maganin gargajiyarsu, Ayurbeda. Ya ba ni man dogon yaro da kurkum, ya ce in shafa a hankali in rufe wurin, in rage yaji da tsami, in yanke farce. Ya nanata cewa susar ce ke ciyar da ciwon, in ban daina ba, man ba zai yi komai ba.

Ni kuwa uwar iyayi, da na ji ƙanshin dogon yaro sai na raina shi. Itacen ƙofar gidanmu ne za a koya mini? A wurinmu maganin da bai yi zafi ba bai shiga ba. Sai na riƙa dirje wurin da soso da ruwan zafi kafin in shafa, ina cewa magani nake yi, alhali susa ce na sake wa suna. Fatar ta tsage ta fara ruwa.

Ranar wata Asabar, wata Hajiya ta gan ni na zura tsinke cikin hannun riga, na zaro shi na kai kan jikarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga yarinyar da rabin kitso suka fita. Nan da nan labari ya bazu cikin matanmu Hausawa. Na je asibiti, likita ya tabbatar ba a ɗaukar ciwon, amma wa zan bi gida-gida in gaya wa? Kunyar har yau tana cina.

Na bi maganar dattijon da ta likitan, cikin wata biyar fata ta yi laushi. 'Yan'uwa, in mai magani ya ce ku daina abu, ku daina, kada ku ce kun fi shi sani. Hannuna ya warke tuni, amma har na bar shagon nan matanmu ba su dawo kujerata ba.