Shanyar Iyatu a Hanyar Tifofi

Iyatu ba ta taɓa hawa jirgi ba, kuma ba ta da niyya. A wani ƙauyen Gbagyi da ke bayan shingen filin jirgin Abuja aka haife ta, nan ta yi aure, nan take noman dawa da doya tare da mijinta Solomon. Ƙarar jirage kam ta saba da ita tun tana budurwa. In ɗaya ya taso sai ta dakata da magana, ya wuce ta ɗora daga inda ta tsaya.

Abin da ta ƙi sabawa da shi ya zo ne bayan sojoji sun koma bariki, kuɗi suka cika gari. Aka ce za a faɗaɗa filin. Wani kamfani ya sami kwangilar jigilar ƙasa, ya ga hanyar ƙauyen ce yanke, ya sako musu tifofi tun safe har yamma. Jar ƙura da baƙin hayaƙi suka shige tukunya, suka shige randa, suka shige ƙirjin Solomon. Mutumin da ke wuni yana huɗa ya koma ba ya kaiwa bakin rijiya sai ya dafa bango. A asibiti aka ce huhunsa ya gaji, ya nisanci ƙura. To ina zai nisanta, gidansa ne!

Kamfanin fa yana da tankar yayyafa ruwa, amma ba ta fitowa sai ranar da manya za su zo duba aiki. Wannan shi ya fi ƙona wa Iyatu rai. Ta je ofishinsu, maigadi ya ce oga ba ya nan. Ta koma, ya ce oga ya fita.

Sai ta daina zuwa. Wata safiya ta fasa rumbunta, ta kwaso dawar shekara kaf a kafaɗa kamar yadda matan garinsu ke ɗaukar kaya, ta baza ta a tsakiyar hanya daga gefe zuwa gefe, ta ɗauko kujera ta zauna.

Tifar farko ta wani Bazazzagi ce, Maharazu. Ya taka burki, ya sauko, ya roƙe ta da girman Allah ta kwashe. Ta ce shanya take yi, hanya kuma ga ta nan, ya wuce. Ya dubi dawar, ya dubi tayoyinsa. Wa zai taka abinci? Na bayansa ma duk suka kashe mota.

Ashe oga yana nan. Ya iso yana kumfar baki, ya umarci Maharazu ya bi ta kai.

“Oga, ga makulli,” in ji Maharazu. “Kai ka taka.”

Bai taka ba. Kafin azahar tanka ta fito. Iyatu ta ce a jiƙa hanyar safe da yamma kullum, ranar da aka fasa kuwa tana da sauran doya. Oga ya yarda, yana hararar ta.

Sai dai kaji da awaki ba su san da wata rigima ba, sun yi ta cin dawar. Abin da ta tattaro bai kai rabi ba, shi ma duk tsakuwa. Solomon ya leƙa buhun, hankalinsa ya tashi, ya tambaye ta me za su ci da damina.

“Kai dai yi numfashi ka kai daminar,” ta ce. “Tuwo matsalata ce.”