Ɗakin Da Na Ƙera Wa Yayana A Kan Tarakta

A shekarun da Turawa ba su kai ga tattara nasu-ya-nasu ba, ni saurayi ne ɗan Tudun Wada a Zariya, ina koyon aikin kafinta wurin wani maigida da ya ƙware a haɗa bodin katako na manyan motoci. Hannuna yana da kyau, wannan ba cika baki ba ne, amma girman kaina ya fi gwanintar yawa. Idan na goge katako ya yi santsi, sai in ja da baya in tsaya ina kallo har wani ya zo ya taya ni yabawa, in kuwa ba wanda ya zo, ni da kaina nake kiransa. Mahaifinmu ya rasu tun muna ƙanana, gidan daga Inna sai yayana sai ni. Yayan nan shi ya zama mana uba, shi ya kama hannuna ya kai ni wurin koyon sana'a. Edita, yau tsufa ya cim mini, kuma abin da zan ba ka labari na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji.

Yayana direba ne. Wani Alhaji, ɗan kasuwar gyaɗa, ya sayi wata ƙaramar tarakta ta hannu mai shan fetur, ya ɗauke shi ya riƙa yi masa noma a wata sabuwar gona can gaba da Kwangila. A lokacin masu iya tuƙa motar noma ba su da yawa, saboda haka yayana abin nunawa ne a unguwa. Sai dai taraktar ba ta da ko inuwa. Kujera ce ta ƙarfe kamar kasko, rana ta gasa ka, ruwa ya dake ka. Da damina ta kama, sai ya riƙa dawowa gida sharkaf yana tari. Wata rana Inna tana shanya rigarsa ta dube ni ta ce abin mamaki, ina yi wa motocin bare ɗaki, ɗan'uwana kuwa ruwa yana ƙarewa a kansa. Maganar ta sosa ni. Na ce mata ta bar ni da shi, zan yi abin da ba a taɓa gani ba a Zariya.

Alhaji ya yarda, maigidana ya ba ni ragowar katakon maɗaci, na duƙufa. Na kafa ginshiƙai, na rufa kwano a sama, na samo gilashin wata tsohuwar mota na sa a gaba. Na yi ƙofa guda mai sakata ta ciki don kada jijjiga ta buɗe ta, gefe da gefe na bar tagogi na rataya musu tamfol. Na shimfiɗa katakai a ƙasa wurin sa ƙafa, bangon baya kuma na saukar da shi har ƙasa sosai, domin manyan tayoyin suna watso laka. Da na gama na shafe shi da koren fenti, na zana furanni yadda muke yi wa manyan motoci. Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Gabas da muke sayen ƙusa a shagonsa. Ya biyo ta wurin, ya zagaya ya duba, ya yaba, sannan ya tambaye ni ta ina hayaƙin zai fita. Na yi dariya na ce masa ya tsaya ga ƙusarsa ya bar mana katakonmu. Mu masu haɗa bodi ba ruwanmu da bututun hayaƙi, domin a babbar mota yana can ƙasa nesa da mutane. Ko sunkuyawa ban yi ba balle in ga cewa na taraktar nan ta ƙarƙashin kujera ya bi, kuma bakinsa yanzu yana cikin bangon da na yi.

Ranar da yayana ya tuƙo ta ya ratsa Tudun Wada, har masu shaguna sai da suka fito. Alhaji ya riƙa kawo abokansa suna shafa fentin, ana tambayar wane ne ya yi, ana nuna ni. Ni kuwa tafiyata ma sai da ta sauya. Yayana ya dawo gida a bushe ana tsakiyar ruwa, ya ce wa Inna ƙaninsa ya fitar da shi kunya. Ba a daɗe ba ya fara kukan ciwon kai. Sai ya dawo idanunsa jawur, yana jiri, abinci ba ya zama a cikinsa, wani lokaci ana yi masa magana ya yi shiru yana kallon mutum. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, duk ranar Juma'a da ba ya zuwa gona sai ya warware sarai, yana komawa kuma abin ya dawo.

Nan da nan aka gano dalili, ko in ce aka ɗauka an gano. Gonar tsohuwar saura ce da aka daɗe ba a noma ba, ga wata ƙatuwar tsamiya a tsakiyarta. Tsofaffin unguwa suka ce ai dama, mutanen ɓoye ne ke zaune a wurin, ƙarar inji ta dame su. Tunda yana samun sauƙi a gida, ai magana ta fito. Inna ta karɓo masa rubutu wurin wani malami a Gyallesu. Malamin, Allah Ya jiƙansa, ya ce a haɗa da kai shi asibiti, amma aikin huɗa ya matse, ba a je ba. Wata ƙawar Inna ta kawo saiwoyi ta ce a riƙa turara su cikin ɗakin taraktar da safe, a rufe ƙofa. Shi kuma yayana ya fara cewa sanyi yake ji ko da rana ta take. Sai Inna ta roƙe ni in cire tamfol ɗin nan in yi wa tagogin marufai na katako, in toshe duk wata kafa. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

A ƙofar gidan Alhaji na yi aikin, da hantsi. Injin yana da wuyar tashi, don haka yayana ya tayar da shi ya bar shi yana ɗumi, ya shiga gaida mutanen gida. Na shiga ɗakin na ja ƙofa don in gwada marufan ta ciki. Ban gama ɗaure na biyu ba na ji kaina yana sara, kunnuwana suna ƙugi, zuciyata tana tashi. Da ƙyar na zare sakata na fito na zauna a dakali. Da na sha iska sai abin ya lafa. A nan gabana ya faɗi. Na rarrafa ƙarƙashin taraktar na leƙa, na ga cikin bangon baya ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, hayaƙi yana bugunsa yana hawa ta tsakanin katakan ƙasa. Babu aljani, babu tsamiya. Aikin hannuna ne yake cin yayana.

Edita, a nan ne laifina yake. Abin da ya wuce kafin nan rashin sani ne, amma daga wannan lokaci na sani. Yayana ya fito ya same ni zaune, ya tambaye ni ko lafiya, na ce rana ce. Na kasa buɗe baki in ce ɗakin da duk gari ke yabo shi ne ciwonsa. Na tuna Inna da yawon neman maganin da ta sha, na tuna abokan Alhaji, na tuna mai ƙusa da dariyar da na yi masa. Sai na yanke a raina cewa zan sa maƙeri ya lanƙwasa mini guntun bututu, ranar Juma'a da taraktar ke hutawa in je in ƙara a ɓoye, ciwo ya tafi, a ce magani ne ya yi aiki. Na dai ce masa ya riƙa barin taga ɗaya a buɗe saboda zafi. Ya ce shi da ke jin sanyi. Ina tsaye ya rufe ƙofa ya tafi.

Ba a kai Juma'ar ba. Wasu mata masu itace ne suka ga taraktar ta bar kunyoyin gonar ta miƙe cikin daji, har ta je ta tokari wani suri ta tsaya, inji yana ta ruri, tayoyi suna haƙar ƙasa. Labarin gonar ya riga ya bazu, saboda haka ba wadda ta yarda ta matsa kusa. Gudu suka yi neman maza, mazan ma sai da suka taru suka yi shawara. Kafin a ɓalle ƙofar, wadda sakatarta ke ciki, an ɗauki lokaci mai tsawo. Aka fito da shi ba ya motsi. Ya farfaɗo a asibiti bayan kwanaki, amma wanda aka dawo mana da shi gida ba yayan da na sani ba ne. Maganarsa ta yi nauyi, hannunsa yana rawa, abin da aka faɗa masa da safe kafin azahar ya manta. Bai sake riƙe sitiyari ba. Ni kuwa na je na farfashe ɗakin da guduma, mutane suna riƙe ni suna cewa in yi haƙuri, baƙin ciki ne. Alhaji ya bar gonar, kowa ya ce ai ga abin da ake faɗa.

A wurina yayana ya zauna har ƙarshen ransa. Ni nake yi masa aski, ni nake raka shi masallaci. Inna ta rasu tana sa mini albarka, tana gaya wa mutane ba ta ga ƙanin da ya riƙe wansa kamar ni ba, kuma kowace albarka ta sa sai in ji kamar in nutse. Bayan rasuwarta, wata rana muna zaune a zaure da la'asar, na gaya masa komai, ina kuka. Ya saurare ni har na gama. Sannan a hankali ya ce ɗakin nan ya yi kyau, ruwa bai ƙara taɓa shi ba, kuma ya yafe mini duniya da lahira. Washegari ya manta mun yi maganar. Na sake faɗa masa, ya sake yafewa. Na yi haka sau da dama cikin shekaru, bai taɓa hana ni gafara ba, bai kuma taɓa kwana da maganar a ransa ba.

Shi ya sa na rubuto. Yanzu ina ganin matasa suna rufe taraktoci da injuna da kwano da katako, wasu ma suna kwana ɗaki guda da janareta. Duk abin da ke shan mai yana fitar da hayaƙi, kuma wani hayaƙin ido ba ya ganinsa. Kafin ka buga ƙusar farko, sunkuya ka duba ta ina zai fita, in wani ya tambaye ka kuma kada ka mai da shi abin dariya. Idan ciwo yana zuwa a wurin aiki yana tafiya a gida, a bincika wurin aikin kafin a ɗora wa wanda ba a gani. Abin da ya fi duka, in ka gano aikinka yana cutar da mutum, faɗa masa a take, a gaban ko wane ne. Kunyar da na guje wa ba za ta wuce mako guda ana yi da ni a Tudun Wada ba. Na zaɓi in jira Juma'a, yayana kuwa bai sake samun lafiya ba har ya koma ga Allah.